Daga mai basukur zuwa tukunyar shisha: wa ya tuna tabar da aka sha a Kaduna?

Baban Ummi (Kakuri):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaranjiya muna kwashe kayan marigayi yayana, Allah ya jiƙansa, sai ga wani gwangwani a can ƙasan adaka. Gwangwanin sigari ne irin na da, mai cin kara 50, fentinsa duk ya koɗe, ya cika shi da maɓallai da tsofaffin kwabbai masu huji. Jikana ya ɗauka yana jujjuyawa, ya ce Kaka wannan na mene ne? Da na ce na taba ne sai ya yi mamaki, shi a kwali kawai ya san ta. Mu kuwa da irinsa iyayenmu mata suke awon gishiri a bakin ƙofa, bayan maza sun shanye abin da ke ciki.

Tun ranar nake ta tuno sunaye. Na shiga masaƙa a 1976, na yi shekara 26 a ciki, shekara 21 daga ciki da taba a bakina. Ba a sha a cikin masaƙa saboda auduga, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. To da an tashi 'yan aikin safe, dubban mutane su ɓarko ta ƙofa ɗaya, masu tebur na jere suna jira, kafin ka kai bakin titi hayaƙi ya turnuƙe kamar ana ƙona juji. Lebura yana jan Three Rings, wadda muke ce wa mai zobe. Wanda ya ɗan samu ƙarin girma ya koma Gold Leaf mai hoton ma'aikacin jirgin ruwa. Benson kuwa ta manyan ofis ce, kwalinta ruwan zinare, a aljihun gaba ake sa ta don a gani. Ka ga tabar mutum, ka san albashinsa.

Ina roƙon waɗanda suka ga zamanin su taya ni tuno sauran, masu ilimi kuma su faɗa mana yadda aka yi abin nan ya shige mu haka. Ni dai na bari tun azumin 1997, alhamdu lillahi.

Kawu Na Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaya, ya sa ya huta. Ka tsallake mai basukur, ko da yake ita ta iyayenmu ce, mu ƙarshenta muka riska. Sai SM mai sanyaya maƙogwaro, da High Society, da Target, da Link, da Consulate. Rothmans a allon talla hannun matuƙin jirgin sama ake nunawa, da agogo da zaren zinare a hannun riga. Yaro ya fito daga ƙauye ya ga wannan a Ahmadu Bello Way, me kake so ya ɗauka? Ai wayewa ce aka rataya masa a sama.

Direban Mando:
Mu na baya Excel da London da Aspen muka tarar. A tasha ba don gayu ake sha ba, don barci ne. Ka ɗauko hanyar Legas da dare, goro a kunci, kara a hannu. Haka na tarar da ogana yana yi, ni ma haka na tashi.

Maman Sadiq (Unguwar Rimi):
Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni raina bai so wannan hirar ba. Kuna jero sunayen nan kamar ana tuna tsofaffin abokai, alhali akwai yara a zauren nan suna karantawa. Mahaifina shekara 58 ya yi a duniya. Shekara biyun ƙarshe ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci, an tara masa matasai a baya, numfashinsa kamar ana jan zarto. Daga ɗakinsa zuwa masallacin ƙofar gida sai ya huta sau biyu. Mun sayar da filin da ya ce na ƙannena ne, muka zuba a asibiti da tukunyar iska. Ni ce nake wanke kwanon da yake tofa majina. Kuma ni ɗin ce yake aika na sayo masa tun ina 'yar firamare, har canjin yake bar mini na sayi alawa. Wannan shi ne tarihin taba a gidanmu.

Baban Ummi (Kakuri):
'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya saka miki da aljanna kan jinyar da kika yi. Kin yi gaskiya da kika tsawatar. Wallahi ba kewa ce ta sa na kawo maganar ba. Cikin mu tara da muke zama benci ɗaya a bakin masaƙa, huɗu tari ne ajalinsu. Abin da nake so yaran nan su gani shi ne, ba haka kawai muka wayi gari muna sha ba. An tsara abin, an kawo mana har ƙofar wurin aiki. Wanda bai san yadda aka kama ubansa ba, da irin tarkon za a kama shi.

Malamin Tarihi (Malali):
Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Bari na amsa tambayar Baba, ina ganin amsar za ta ƙarfafa maganarki ne.

A raba taba da sigari tukuna. Ganyen taba asalinsa nahiyar Amurka ne, Turawa ba su san shi ba sai bayan 1492. Amma ya yi saurin yaɗuwa, domin wajen shekarar 1600 ya riga ya kai Maroko da Tumbuktu, daga nan fatake da jiragen bakin teku suka watsa shi. Ƙasar Hausa ta daɗe tana noma shi, tabar Katsina ma ta yi suna. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya tarar ana rina haƙora da furen taba. Ke nan kafin Gwamna Lugga ya san hanyar Arewa muna da tukunyar taba, muna da taba gari.

Sigari kuwa ɗan inji ne. A 1881 wani Ba'amurke, James Bonsack, ya yi rajistar injin da ke naɗe kara kusan 120,000 a yini. Daga ranar matsalar masu kamfani ta juya: kaya sun yi yawa, mashaya sun yi kaɗan. Dole a ƙirƙiro mashaya. Nan tallar sigari ta bunƙasa, nan kuma aka fara duban ƙasashen da ake yi wa mulkin mallaka. A 1902 manyan kamfanonin Ingila da Amurka suka haɗu suka kafa British American Tobacco (BAT), aikinsa sayar da sigari a wajen ƙasashen biyu. Da farko shigo da ita ake yi ta jirgin ruwa, irin gwangwanin da Baba ya tsinta. Daga baya aka ga ya fi riba a naɗe ta a nan: masana'antar Ibadan a 1937, kamfanin taba na Najeriya (NTC) a 1951, Fatakwal a 1956, sai Zariya a 1959. Ku lura, masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957. Shekara biyu tsakani. Ga ma'aikata masu albashin wata a Kaduna, ga masana'antar taba a Zariya, ga layin dogo ya haɗa su. Su Target da Link kuma daga wani kamfanin na Ilori suke fitowa.

NTC ya narke cikin BAT a shekarar 2000, a 2001 suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Obasanjo, a 2003 aka buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan ta dala miliyan 150. A lokacin da ƙasashen Turai ke matsa wa taba lamba, mu maraba muka yi mata da sunan zuba jari.

Ɗan Tsohon Soja (Kawo):
Malam ka bar soja a baya. Kakana yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a yaƙin Hitila. Ya ce sigari cikin rabon abinci ake ba su, wanda ba ya sha ma sai ya karɓa don musaya, a hankali ya fara. Da suka dawo bayan 1945 da kakinsu da takalmansu, samari na kallonsu a matsayin waɗanda suka ga duniya. Kaduna kuwa garin bariki ne tun asali.

Malamin Tarihi (Malali):
Haka ne ƙanena, na gode da wannan ƙarin.

Alhaji Bazazzagi:
Ni ta gefen gona na san ta. Mahaifinmu yana cikin manoman da suka yi wa kamfani noman taba a fadamun ƙasar Zazzau. Su ba ka iri da taki, malamin gona ya riƙa zagayowa a kan babur. Mu a Arewa a rumfa ake shanya ganyen, a soke shi a igiya a rataye iska ta busar da shi, ba kamar ƙasar Oyo ba da ake gasa shi a ɗaki da itace. Ranar ciniki a kasa shi lamba-lamba, mai kyau kuɗinsa daban, na ƙasa daban. Ba zan ɓoye ba, da kuɗin taba aka yi wa gidanmu rufin kwano, da shi aka sayi keken farko. Amma aiki ne mai cin yara. Mu ne masu cire 'ya'yan ganye da tsinke kan fure, hannunka ya yi baƙi yana danƙo, ka ci abinci ka ji ɗaci. Idan ka yanki ganye da raɓa da sassafe, wani lokaci jiri da tashin zuciya su kama ka, iyaye su ce rana ce ta buge ka.

Nas Hauwa (Tudun Wada):
Alhaji ba rana ba ce. Nikotin ɗin da ke jikin jiƙaƙƙen ganye ne yake ratsa fata ya shiga jini. Cuta ce sananniya ga manoman taba a duk duniya, kuma ta fi kama yara.

Goggon Yara (Tudun Nupawa):
Tunda an taɓo fure bari na sa baki. Mu mata ba mu san sigari ba, macen da aka gani da kara a hannu an gama yi mata suna a unguwa. Amma fure fa ado ne. Kakata ba ta zuwa biki sai ta ci goro ta goga fure, haƙora su yi jawur, a lokacin shi ne kyau. Mai tallan goro da furensa yake yawo a gefen faranti. Tsofaffi kuma ga taba gari da ɗan kanwa a ƙaramin batta, a ɗiba a sa a leɓe, wasu su shaƙa. In haƙori na ciwo ita ake cusawa. Kakata ta haura 90. Shi ya sa ni a ganina tamu ta gargajiya ba ta da illa, ta Bature ce aka zuba wa magani.

Nas Hauwa (Tudun Wada):
Goggo, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa miki. Ganyen ɗaya ne. Nikotin ba a masana'anta ake zuba shi ba, da shi tsiron yake fitowa. Mai sa taba gari a leɓe ya tsira daga hayaƙi, amma bai tsira daga ciwon dasashi da zubewar haƙori da dajin baki ba. Na ga tsofaffin da aka kawo da gyambo a daidai inda suke ajiye ta, sun shekara suna sa masa magani a gida. Kakarki Allah ya ba ta tsawon rai, sa'o'inta da ba su kai ba ba wanda ya ƙirga su.

Abin da ya sa sigari ya fi ɓarna shi ne ƙonawa da zuƙa har huhu. Hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Nikotin kuma cikin daƙiƙa kaɗan yake isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa kamunsa ke da ƙarfi. Mutane huhu kawai suke tunawa, alhali hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki duk suna ciki. Ita SM da Kawu ya ambata, sanyin nan ba sauƙi ba ne, rufe ƙaiƙayin maƙogwaro yake yi don sabon shiga ya iya zuƙa bai yi tari ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da mai sanyin tun 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wani suka shaƙa. A wajen aikina waɗannan su ne matan aure da yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mai sha.

Goggon Yara (Tudun Nupawa):
To 'yar nan, na ji. Akwai wata yayata da har yanzu battanta na ƙarƙashin matashi, zan sa a karanta mata wannan.

Direban Mando:
Ina da tambaya ga malamai. Wani ya ce mini makaruhi ce, wani ya ce haramun. Wanne za mu ɗauka?

Malam Na Zaure (Unguwar Sarki):
Bismillah. Taba ba ta zo ƙasashen Musulmi ba sai bayan kusan shekara dubu da hijira, don haka babu nassin da ya ambace ta da suna, ijtihadi malamai suka yi. Tun farkon zuwanta aka rabu. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, babban malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka halatta ta a farkon shekarun 1600, bisa cewa ba ta gusar da hankali kamar giya. Wasu suka karhanta saboda wari da ɓarnar dukiya. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya hana ta da ƙarfin mulki a 1633. A nan ƙasar kowa ya san 'yan Tijjaniyya ba sa haɗa wuridi da taba.

Amma a yi wa magabata adalci. Waɗanda suka halatta ba su san abin da likitoci suka gano daga baya ba. Da hujjar cutarwa ta tabbata, akasarin malaman wannan zamani suka tafi a kan haramci, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Ni a nan na tsaya. Kuma babu saɓani cewa tana karya azumi. Wanda ya iya riƙe bakinsa daga asuba zuwa magariba kwana 30, ya riga ya ga cewa zai iya.

Baban Joshua (Sabon Tasha):
Allah ya gafarta Malam, mu ma a cocinmu haka ake koyarwa, ba a ba mai shan taba riƙon wani aiki. Amma ni da Baban Ummi layi ɗaya muka yi a masaƙa, kuma a bakin tebur ba a tambayar addininka, ashana ɗaya ke kunna wa mutum uku. Wa'azi ya daɗe ana yi ta ɓangarorin biyu. Tallar ce ta fi mu naci.

Zainab 'Yar Jami'a:
Baban Joshua ya faɗi kalmar: talla. Ina karanta fannin kasuwanci, kuma labarin Marlboro na cikin abin da ake koya mana. A 1924 tabar mata ce a Amurka. Da binciken likitocin Ingila Doll da Hill ya fito a 1950 yana danganta sigari da dajin huhu, mutane suka tsorata, kamfanoni suka koma tallan mai auduga a gindi wai ta fi sauƙi. Maza suka ce wannan ta mata ce. Sai aka ɗauko makiyayi a kan doki aka manna mata a tsakiyar shekarun 1950, ta zama tabar jarumai. Taba ɗaya, an canja mata riga kawai. Babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahotonsa kan illar taba a 1964, amma sai 1998 kamfanonin suka yarda su biya jihohi 46 dala biliyan 206. Mu nan a shekarun 1990 Benson na ɗaukar nauyin manyan wasannin mawaƙa da sunan Golden Tones, matasa na tururuwa. Jihohin Kano da Legas da Gombe sun kai kamfanonin taba kotu a 2007.

Anti Maman Sadiq, shi ya sa nake ganin hirar na da amfani. Da na san wannan labarin, kallon da nake yi wa kwalin ya canja.

Maman Sadiq (Unguwar Rimi):
Na fahimta ƙanwata. Baba, ka yafe mini zafin da na yi. Amma ku duba inda muke yau, kada mu tsaya a jiya.

Ɗan Rigasa:
Yau ɗin ai mu ne. Gaskiya a sa'o'ina sigari ta zama ta 'yan dako da masu gadi, ba wanda zai ɗauki hoto da ita. Shisha ce a gaba. Ƙamshin tuffa, na inabi, na na'ana'a, ga tukunya mai kyau, kuma 'yan mata na sha ba a ce musu komai, abin da Goggo ta ce ba ya yiwuwa a da. Ana ce mana ruwan da ke ƙasa yana tace dattin. Yanzu kuma ga ta lantarki mai kama da biro, a aljihun ɗan sakandare za ka gan ta, ba wari balle a gane a gida.

Nas Hauwa (Tudun Wada):
Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace komai na kirki. Zaman shisha na awa ɗaya, yawan hayaƙin da mutum ke zuƙa na iya kai na kara 100, ga kuma hayaƙin gawayin da ke kai. Sannan baki goma a kan tiyo ɗaya, a garin da muke fama da tarin fuka.

Kawu Na Panteka:
Ɗana, abin da matuƙin jirgi ya yi mana, shi ƙamshin tuffa yake yi muku.

Lauya (Barnawa):
Doka kam akwai. Ta farko ita ce dokar soja mai lamba 20 ta 1990, zamanin Babangida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya. Ita ta kawo gargaɗin da ake karantowa a ƙarshen talla, cewa mashaya na iya mutuwa da ƙuruciya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A watan Mayun 2015 Jonathan ya sa hannu a dokar da ke aiki yanzu, ƙa'idojin aiwatar da ita suka fito a 2019. Ta hana talla da ɗaukar nauyin wasanni, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba ko a sa shi sayarwa. Hotunan cuta da kuke gani a kwali tun 2021 daga nan suke. A 2018 kuma aka fara ɗora harajin naira 1 a kowane kara, ya koma naira 2.90 a 2020.

Amma sashen da ya fi muhimmanci shi ne wanda aka fi takawa: dokar ta ce ba a sayar da sigari sai a kwali mai aƙalla kara 20. Sayar da kara ɗaya laifi ne. Ku fita yanzu ku ƙirga tebur nawa ne daga Kasuwar Barci zuwa Bakin Dogo. Hoton cutar yana jikin kwali, kwalin kuma yana hannun mai tebur. Yaron da ya sayi kara ɗaya bai taɓa ganinsa ba.

Mai Tebur (Hayin Banki):
Tun ɗazu nake karantawa, na ce bari na yi magana tunda an zo kaina. Shekara 14 ina wannan sana'a. Ranka ya daɗe Lauya, wallahi yau na fara jin cewa kara ɗaya laifi ne, ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini. Kuma a cikin masu saye goma, da ƙyar ɗaya ke ɗaukar kwali. Ɗan acaba ne, lebura ne, mai wankin mota ne, ya sauke aiki ya sayi ɗaya ya kunna da ashanar da na ɗaure da zare. Ribar taba ba ta kai ta biskit ba, amma ita ke jawo mutum, in ya tsaya ya haɗa da alawa da ruwan leda da katin waya. In na daina, na kusa da ni zai kwashe su duka. 'Ya'yana shida.

Maganar yara kuma, ku yi mini adalci. Yaron da ke zuwa da kuɗi a dunƙule ya ce Baba ya ce a ba shi biyu, ni na aiko shi? Uban na zaune a kan dakali yana hango mu.

Maman Sadiq (Unguwar Rimi):
Malam, ni ce yarinyar nan da kake faɗa, shekara 30 da suka wuce. Ban ce ka rufe tebur ba, na san abinci kake nema. Amma ƙanena da ya gaje ni a aiken, a hanya ya fara kunna guntun da ya tsinta, yau shekararsa 20 yana sha, ya yi yunƙurin bari ya fi sau biyar. Yaro ɗaya ka mayar, ka ce uban ya zo da kansa. Wannan kaɗai nake roƙo.

Baban Ummi (Kakuri):
Nauyin nan namu ne kafin ya zama na mai tebur. Ni ma na aiki Ummi da yayyenta, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma har yau abin na damuna. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna namiji ɗaya cikin goma ne ke harka da taba a ƙasar nan, ba mu kai wasu ƙasashe ba. Ke nan abin bai fi ƙarfinmu ba tukuna.

Direban Mando:
Baba, yaya ka yi ka bari? Ina shan kusan kwali a rana.

Baban Ummi (Kakuri):
Ɗana, ban rage ba, yankewa na yi a daren farko na azumi. Wanda ya fi wuya shi ne na bayan shan ruwa, sai na riƙa tashi daga tabarma kai tsaye na tafi masallaci, ba na dawowa sai an gama asham. Kwana ukun farko kaina kamar zai tsage, ina faɗa da kowa, na gaya wa mai ɗakina ta yi haƙuri da ni. Na sa asuwaki a aljihun da kwalin yake zama, duk lokacin da hannu ya tafi can shi yake tararwa. Na canja ƙofar da nake fita daga masaƙa, na bar bencinmu wata uku. Bayan sallah da mako biyu na ji ƙamshin miyar kuka daga zaure, abin da na shekara ban ji ba.

Nas Hauwa (Tudun Wada):
Abin da Baba ya faɗa daidai ne, makon farko ne mai zafi, daga mako biyu zuwa huɗu yake lafawa. Shekara ɗaya da bari, haɗarin ciwon zuciya na raguwa da kusan rabi. Tunda kana tuƙin dare, ka fara a ranakun da ba ka da lodi. Ka je a auna jininka, ka kuma tambayi likita ko mai kemis mai lasisi game da cingam ɗin nikotin. In kana tari sama da mako biyu, a duba majinarka, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Mai Tebur (Hayin Banki):
Hajiya, ga labarin yau. Da safe yaro ya zo, bai fi shekara 8 ba, na mayar da shi da kuɗinsa. Uban ya taso da kansa yana faɗa, wai na raina shi a gaban ɗansa, ya wuce teburin gaba ya saya. Da la'asar wani yaron ya zo, shi ma na mayar, uban wannan bai ce komai ba, ya zo ya karɓa, har muka gaisa. Na yi wa mai teburin gaba magana, ya ce in mai unguwa ya tara mu duka ya faɗa, zai bi, amma ba zai fara shi kaɗai ba. Mu bakwai ne a layin.

Lauya (Barnawa):
Zan buga maka sashen dokar da Hausa, kofi bakwai, da na mai unguwa na takwas. Ka turo mini saƙo ta gefe mu sa rana.

Malam Na Zaure (Unguwar Sarki):
In kun sa ranar ku sanar da ni. Limamin masallacin layin abokin karatuna ne, zan je na same shi kafin Juma'a, don a yi wa iyayen magana su ma.

Maman Sadiq (Unguwar Rimi):
Allah ya yi wa sana'arka albarka Malam. Ni ma zan zo, zan taho da ƙanena.